Gwajin Jinin da Ya Bayyana Dalilin da Madara Ke Ɓata wa Wasu Ciki

Mai karatu, idan kana bin hanyar Daura zuwa Damagaram, ka san Kongolam, garin nan na bakin iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'aduwa. Ka kuma san matsayin fura da nono a wannan yanki. Akwai mutumin da zai shanye ƙwarya guda da rana tsaka ya tashi garau ya ci gaba da harkarsa. Amma ba shi babban kofi na madarar gari mai kauri da safe, kafin awa biyu sai ciki ya fara ƙugi, ya kumbura, wani ma har da zawo. Nan za ka ji ana cewa madarar ce ta lalace, ko ruwan mai shayi ne, ko kuma dai cikinsa ne ba ya so. Maganar ƙarshen nan ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma ɗaya daga cikin binciken da ya tabbatar wa duniya hakan a nan Najeriya aka yi shi, da ɗigon jinin Yarabawa da Ibo da Hausawa da Fulani.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki. Madara tana da nata sukarin da ake kira laktos. A lita ɗaya ta madarar saniya akwai wajen giram 47 zuwa 50, nonon uwa kuwa ya fi haka, don yana kai wajen giram 70. Wannan sukari ba ya iya ratsa bangon hanji ya shiga jini sai an raba shi biyu, wato gulukos da galaktos. Mai wannan aiki wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji ke samarwa, sunansa laktes. Sunayen biyu sun yi kama, saboda haka mu kira na biyun almakashi. Jariri na zuwa duniya da almakashinsa mai kaifi. Bayan yaye, a jikin yawancin mutane, sai ya fara dakushewa. Sukarin da ba a yanka ba yakan wuce babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriya kuma su far masa su mayar da shi iska. Ƙugin da kumburin da zawon ke nan.

To yaya likita zai san abin da ke gudana a hanji ba tare da ya leƙa ba? Dabarar mai sauƙi ce. Mutum zai kwana bai ci komai ba. Da safe a ɗebi jininsa a auna gulukos, sannan a ba shi giram 50 na laktos a cikin ruwa ya shanye. Yaro kuwa ana auna masa gwargwadon nauyinsa. Daga nan a riƙa ɗibar jini lokaci-lokaci har tsawon awa biyu. Idan almakashi na aiki, gulukos zai hau. Idan hawan bai kai miligiram 20 a kowace desilita ba, alama ce sukarin ya wuce hanji bai tsotse shi ba.

A 1963 ne masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan da kuma Cikago ta Amurka suka ba da rahoton manya masu ƙarancin wannan sinadari. Da yake yawancin Turawan arewacin Turai suna shan madara har tsufa ba matsala, sai likitoci suka ɗauka cuta ce da ke kama ɗaiɗaikun mutane. Ba a jima ba lissafi ya juya. A 1965 da 1966, bincike biyu a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka da aka gwada ba sa narkar da laktos, alhali farare kaɗan ne ke da matsalar. A 1966 ɗin dai, Cook da Kajubi suka gano a Yuganda cewa bambancin yana nan har tsakanin baƙaƙen fata su kansu: makiyaya na narkarwa, manoma irin su Baganda ba sa yi. Ka ga ke nan launin fata bai isa ya zama bayani ba.

Nan Najeriya ta shigo. Norman Kretchmer, likitan yara daga Jami'ar Stanford, ya zo Jami'ar Legas ya haɗa hannu da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Su da abokan aikinsu suka yi wannan gwaji na jini a kan ƙabilu daban-daban, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 1971. A cikin Yarabawa da Ibo, waɗanda a tarihi ba su da al'adar tatsar shanu, kusan duk wanda ya wuce shekarun yaye ba ya narkar da laktos. A cikin Fulani makiyaya, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da matsalar. Hausawa da Fulanin gida suka faɗo tsakani, amma sun fi karkata ga ɓangaren waɗanda ba sa narkarwa, don mafi yawansu haka jininsu ya nuna.

Wannan sakamako ya ƙarfafa ra'ayin da wani masanin labarin ƙasa, Frederick Simoons, ya gabatar a 1970. A cewarsa, dakushewar almakashi bayan yaye ita ce asalin halittar ɗan Adam, kamar yadda take ga sauran dabbobi masu shayarwa. Al'ummomin da suka shafe dubban shekaru suna kiwo suna shan madara su ne suka gaji wani sauyi da ke barin almakashin da kaifinsa. An gano ainihin sauyin a ƙwayoyin gado a 2002 a ƙasar Finlan. A 2004 aka same shi a jikin wasu Fulani da Hausawa a Kamaru, a 2007 kuma aka tabbatar makiyayan Gabashin Afirka suna da nasu sauyin daban. Yau an ƙiyasta kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya ba sa narkar da laktos sosai. Idan kana cikinsu, ba ka da wata cuta.

Za ka ce to yaya Bahaushe ya rayu da fura da nono? Amsar tana cikin ƙwaryar. Idan madara ta kwana ta yi tsami, bakteriyar da ke cikinta sun riga sun cinye wani kaso na laktos. Ƙari a kan haka, wani bincike da aka yi kan yogot a Jami'ar Minesota a 1984 ya nuna bakteriyar na shiga hanji da nasu almakashin, su taya mutum aiki. Fura kuma tana sa abin ya sauka a hankali. Madarar gari kuwa da laktos ɗinta cif take zuwa.

Sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ya tayar da ƙura a lokacin, domin ana ta jigilar madarar gari zuwa ƙasashe matalauta a matsayin agaji. Wasu suka ce a daina. A 1972 kwamitin ba da shawara kan furotin na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bai dace a dakatar da rabon madara saboda wannan dalili ba. Hujjar a fili take: giram 50 daidai yake da mutum ya kwankwaɗi lita guda ciki ba komai, abin da ba kasafai ake yi ba. Wani bincike a 1995 ya nuna yawancin masu ƙarancin laktes suna iya shan kofi ɗaya, wajen giram 12 na laktos, ba tare da wata damuwa ta a zo a gani ba.

Shi ma gwajin jinin yana da rauninsa. Ciwon suga kan ruɗa sakamakon, haka ma idan tumbi na jinkirin tura abinci zuwa hanji. Shi ya sa tun daga shekarun 1970 aka fi komawa ga auna iskar haidurojin a numfashi, wadda bakteriyar babban hanji ke fitarwa idan laktos ya isa gare su.

Inda ya kamata ka fi sa ido shi ne ƙananan yara. Zawo mai tsanani da tamowa suna goge saman bangon hanji, inda almakashin yake, sai yaro ya kasa narkar da laktos na ɗan lokaci ko da kuwa ɗan makiyayi ne. Wannan na cikin abin da aka lura da shi wajen haɗa madarar F-75, wadda ake fara ba yara masu tamowa mai tsanani a asibiti: laktos ɗinta bai kai na F-100 da ke biyo baya ba. Amma kada wannan bayani ya sa a cire jariri daga nono don yana zawo. Jaririn da aka haifa ba shi da laktes kwata-kwata abu ne mai wuyar samu ƙwarai. A ci gaba da shayarwa, a ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, a garzaya asibiti.

Kai kuma babba, idan madara kaɗai ke taɓa maka ciki, rage yawanta, ka sha ta tare da abinci, ko ka koma kindirmo. Idan kuwa akwai rama, ko ƙarancin jini, ko jini a bayan gida, ko zawon da ya wuce mako biyu, kada ka ɗora wa madara laifi ka zauna. Akwai wasu cututtukan da ke hana hanji tsotsar abinci, kamar wadda alkama ke tayarwa, wadda ita ma ake gano ta da gwajin jini na daban. Je ka ga likita ya duba.