Sunayen Mazaɓu a Turanci da Yadda Ake Bambance Su

Kalmar mazaɓa tana ɗaukar ma'anoni da dama a Hausa, amma a Turanci kowace da sunanta. Mazaɓar sanata ita ce "senatorial district". Akwai 109 a Najeriya: uku a kowace jiha, ɗaya a Abuja. Ta ɗan Majalisar Wakilai "federal constituency" ce, guda 360, ta ɗan majalisar jiha kuwa "state constituency". Gunduma, wato mazaɓar kansila, ita ce "ward", rumfar zaɓe kuma "polling unit".

Kiyaye wannan bambanci wajibi ne a rahoton sakamakon zaɓe, domin musanya sunayen kan sa a ɗauka ɗan takara ya lashe kujera, alhali gunduma ɗaya kacal ya ci.