Ranar Da Tsohon Fenti Ya Ci Gasa

A ranar 18 ga Agusta 2024, a wani filin wasan golf da ke bakin teku a Pebble Beach, jihar Kalifoniya ta Amurka, alƙalai sun zagaya motoci kimanin 200 masu ƙyalli kamar madubi, sannan suka ba da babban kambu ga wadda, da a unguwarmu take, da tuni maƙwabta sun nuna wa mai ita hanyar shagon fenta. Bugatti Type 59 ce ƙirar 1934. Baƙin fentinta ya dushe, jikinta duk ƙarzuna, fatar kujerunta ta tsufa ta tsattsage. Motar tsere ce tun asali, daga baya Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya saye ta a 1938, kuma tun daga wancan zamani ba wanda ya tuɓe ta ya sake ta. Tun da aka fara wannan gasa a 1950, wannan ne karo na farko da motar da ba a sabunta ba ta zo ta ɗaya.

Wanda bai san harkar ba zai ce ai ba wani labari. Amma masu tara tsofaffin motoci sun kwashe shekaru kusan 70 suna kashe dukiya a kan aƙida guda: mota mai daraja ita ce wadda aka mai da tsohuwa yarinya. Hukuncin wannan rana ya nuna aƙidar ta tsufa ita ma.

Son tsohuwar mota ya fara ne da raha. A Ingila, ranar 14 ga Nuwamba 1896, masu motoci suka yi jerin gwano daga Landan zuwa garin Brighton don murnar sabuwar dokar da ta ɗaga iyakar gudu daga mil 4 zuwa mil 14 a awa, ta kuma soke sharaɗin cewa sai mutum ya riƙa tafiya da ƙafa a gaban mota. A 1927 wata jarida ta farfaɗo da tafiyar, aka kwaso akwalan motocin da suka rage daga wancan zamani, jama'a suka fito kallo suna dariya. Daga wannan dariya aka kafa ƙungiyar masu tsofaffin motoci a 1930, kuma har yau duk Lahadin farko na Nuwamba ana tashi daga Hyde Park da asuba, da sharaɗin cewa motar an ƙera ta kafin 1905. Fim ɗin Genevieve na 1953, wanda aka gina a kan wannan tafiya, ya sa mutane suka shiga duba rumbuna da bayan gidajen kakanninsu.

Gasar kyau kuwa, wadda Faransawa ke kira concours d'élégance, da sababbin motoci ta fara. Attajirai ne ke zuwa nuna abin da maƙera suka yi musu a bana. Ko a Pebble Beach sababbi ne suka riƙa cinyewa a shekarun farko, sai a 1955 wani matashin direban tsere, Phil Hill, wanda daga baya ya zama zakaran duniya na Formula 1 a 1961, ya kawo Pierce-Arrow ƙirar 1931 da ya gyara ta koma fes, ya yi nasara. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka shiga auna mota da maki 100, ana rage maki a kan tabon fenti, ko ƙusar da ba irin ta kamfani ba, ko ɗinkin kujerar da ya karkace. Masu gyara suka gane abin da alƙalai ke so. A tuɓe mota har ƙashi, a kankare tsohon fenti, a zubar da tsohuwar fata, a goge injin har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Sakamakon shi ne motoci da suka fi kyau a kan ranar da suka fito daga masana'anta, domin babu kamfanin da ya taɓa ɓata watanni yana goge ƙarƙashin mota inda ido ba ya kaiwa.

Babu labarin da ya fi nuna inda wannan sha'awa ke kai mutum kamar na 'yan'uwa biyu, Hans da Fritz Schlumpf, masu masaƙun ulu a yankin Alsace na Faransa. Fritz ne mai ciwon mota, musamman Bugatti, wadda a wannan yanki ake ƙera ta, a garin Molsheim. Daga ƙarshen shekarun 1950 ya shiga saye ba ji ba gani. Ya rubuta wa masu Bugatti na ƙasashe wasiƙu yana tayi. A 1964 ya saye guda 30 a lokaci ɗaya daga wani Ba'amurke mai suna John Shakespeare, aka loda su a jirgin ƙasa daga jihar Illinois zuwa tashar jiragen ruwa. A cikinsu har da Bugatti Royale, ƙatuwar motar da guda 6 kacal aka taɓa ƙerawa, kuma biyu daga ciki sun ƙare a hannunsa.

Duk wannan a ɓoye ake yi. A wani tsohon ginin masaƙa a birnin Mulhouse ya ajiye makanikai da masu walda da fentoci da masu ɗinkin kujeru, aka ja musu kunne kada su faɗi abin da suke gani. Ya sa aka shafe da yawa daga cikin Bugatti ɗin da shuɗin fenti irin na motocin tseren Faransa, ko da kuwa ba da wannan launi suka fito ba, saboda haka ransa ke so. Ya shimfiɗa tsakuwa a babban zaure, ya kafa ɗaruruwan fitilun titi da aka kwaikwayo daga na wata gada a birnin Paris. Motoci fiye da 400, kuma ba mai kallonsu sai shi da baƙin da ya zaɓa.

Ana cikin haka kasuwar saƙa ta Turai ta faɗi. A 1976 masaƙun suka durƙushe, 'yan'uwan suka tsallaka Suwizalan suka bar ma'aikata ba aiki. Ranar 7 ga Maris 1977 ma'aikatan suka kutsa cikin ginin, suka kunna fitilu, suka ga inda guminsu ya tafi. An ƙona wata tsohuwar mota guda a waje don huce haushi, amma sauran ba a taɓa su ba. Ma'aikatan suka mamaye wurin kusan shekara biyu, suka sa masa suna gidan tarihin ma'aikata, suka buɗe wa jama'a ƙofa, dubban ɗaruruwan mutane suka shiga. A 1978 gwamnatin Faransa ta sa tarin cikin kayan tarihin ƙasa don kada a watsar da shi a gwanjo, a 1982 kuma aka buɗe shi a hukumance. Yana nan har gobe a Mulhouse. Duk wanda ya taso a Kaduna ya ga yadda masaƙun Kakuri suka mutu ɗaya bayan ɗaya ba ya buƙatar a fassara masa abin da waɗannan ma'aikata suka ji da suka ga fitilun nan.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi jan hankalinmu. Motocin da Fritz bai kai ga gyarawa ba, an jibge su a wani rumbu a ƙauyen Malmerspach, ƙura da tsatsa suna cin su. A wancan lokaci su ne ragowa, abin kunya. Bayan shekaru, su ne masana suka fi ɗokin gani, domin a jikinsu ne kaɗai za a iya sanin irin fentin da kamfani ya shafa, da irin zaren da aka yi ɗinki da shi, da yadda maƙerin 1930 ya lanƙwasa ƙarfe. Waɗanda aka gyara sun yi kyau, amma garin neman gira an rasa ido.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo farin sani. Za a miƙa mana tsohuwar manhaja mai shekara 15, mu buɗe mu ga wani layi da ba shi da kai ba shi da gindi, mu ce wane ragon ne ya rubuta wannan, mu goge, mu sake rubutawa tsaf. Sai ƙarshen wata ya zo, lissafin albashi ya ƙi fita. Ashe layin nan maganin wata matsala ce da wani ya kwana uku yana nema tun muna makarantar sakandare, bai kuma bar bayani ba. Shi ya sa a sana'armu ake ajiye tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, don me, da yadda za a koma baya idan an yi kuskure. Masu gyaran mota na shekarun 1960 da 1970 ba su ajiye irin wannan ba. Abin da suka kankare ya tafi ke nan.

Sannu a hankali harkar ta farga. A 2001 Pebble Beach ta ware rukuni na musamman ga motocin da ba a sabunta ba. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, ta ɗauko tunaninta daga ƙa'idojin da masu kula da tsofaffin gine-gine suka tsara a Venice a 1964. Abin da take nema bai da wuyar fahimta: a taɓa kaɗan, a rubuta duk abin da aka taɓa, a yi shi ta yadda za a iya warwarewa, kuma a ɗauki sauye-sauyen da mota ta samu a zamanin aikinta a matsayin tarihinta. Ta kuma nace cewa a riƙa tuƙa motar, domin injin da ba ya tashi rabin labarinsa kawai yake bayarwa.

Kasuwa kuwa, da ta ji ƙamshin kuɗi, ta wuce gona da iri. A 2009 masu ninƙaya suka ciro wata Bugatti ƙirar 1925 daga ƙasan tafkin Maggiore, kusa da garin Ascona na Suwizalan, bayan ta shekara fiye da 70 a ruwa. Rabin jikinta ya narke. An sayar da ita Yuro 260,500 a Paris a farkon 2010, wanda ya saya kuma ya ajiye ta a gidan tarihinsa yadda take. A 2015 wata Ferrari 250 GT California da aka tarar a ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu a wani gida a yammacin Faransa ta ci fiye da Yuro miliyan 16. Yanzu har ƙurar rumbu ba a wankewa kafin gwanjo, akwai kuma fentocin da suka ƙware wajen sa sabon fenti ya yi kama da tsoho. A ganinmu wannan ma wata ƙaryar ce, ƙanwar ta farko. Sakaci daban, adanawa daban. Motar Sarki Leopold ta ci gasa ne saboda shekara fiye da 80 ana kula da ita, ana zuba mata mai, ana tuƙa ta.

Mu ma muna da motar da ba wanda zai yarda a sabunta. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas akwai baƙar Mercedes-Benz da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta. Duk fentan da ya cike su ya shafe shaida, kuma ko yaro ya san haka ba tare da ya karanta wata yarjejeniya ba.

Inda maganar ta fi wuya shi ne Peugeot 504, Fijo ɗinmu. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A shekarar 1975 ɗin ne kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma an ci gaba da yin 504 a can har wajen 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Ita ce motar gwamna da babban sakatare, ita ce ta kai amare, ita ce mai ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri da kaya a ɗaure har saman but.

To, idan yau wani matashi ya samu guda a bayan gidan kakansa, me zai mayar da ita? Idan ya bi littafin kamfani, zai cire ƙarin ƙarfen da wani mai walda ya ɗaura mata a ƙasa don ta jure ramukan hanya, ya yage ledar da mai ɗinkin kujera ya sa bayan ta asali ta mutu, ya goge addu'ar da direba ya rubuta a gilashin baya, ya jefar da kafireton da aka ciro daga wata motar a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Zai samu mota mai kyau irin wadda ake gani a wuraren nuni na Turai, inda 504 ta riga ta shiga sahun motocin da ake tarawa. Amma abin da ya sa ta zama tamu shi ne ainihin abin da zai zubar, wato aikin hannun makanikan da suka riƙe ta a kan titi shekara 30 da waya da guduma da basira, ba su kuma rubuta komai ba.

Yawancinsu ma ba za su kai ga wannan tambaya ba. Wadda ta kwana biyu a kan duwatsu a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya, 'yan gwangwan ne ke zuwa tayinta. Su sassare ta da gatari, su ware alminiyom gefe, tagulla gefe, sauran ƙarfen a ɗora a sikeli a biya da kilo, a loda a tirela zuwa inda ake narkawa a yi rodin gini.