Tarihin Kwarmin Ƙafar Roba

Kwarmi shi ne sashen ƙafar roba da ake zura dungulmi a ciki. Aikinsa biyu: ya ɗauki nauyin jiki idan an taka, ya kuma riƙe ƙafar kada ta suɓuce idan an ɗaga. Wuyar abin ita ce fatar dungulmi ba irin ta tafin ƙafa ba ce, ba a halicce ta don ɗaukar nauyi ba. Matsi kaɗan a kan ƙashi, sai bororo, daga nan sai gyambo, sai mutum ya jingine ƙafar ya koma kan sanda.

Magabata sun kauce wa dungulmin ne gaba ɗaya. A 1696 wani likitan Holan, Pieter Verduyn, ya ƙera ƙafa mai maɗaurin fata da ake tamkewa a cinya, da ƙarafa biyu masu lanƙwasa a gefen gwiwa. Cinya ke ɗaukar kayan. An shafe fiye da shekara 250 ana bin wannan tsari, duk da nauyinsa da yadda yake ramar da naman cinya.

A 1863 Dubois Parmelee na Amurka ya yi rajistar kwarmi mai riƙewa da zuƙar iska, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Dabarar ba ta yaɗu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da sojoji masu yawa suka dawo gida da dungulmi.

Babban sauyi ya zo a 1959 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda Charles Radcliffe da James Foort suka fito da kwarmin da ke ɗora nauyi a kan jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa da wurare masu tsoka, ya sassauta wa kaifin ƙashin ƙwauri. A nan ne aka fara tambayar da ta dace: ina ne fata ke jure matsi, ina ne ba ta jurewa?

A 1986 Össur Kristinsson na Aisilan, wanda shi kansa da ƙafar roba yake tafiya, ya kawo safar silikon da ake naɗawa a kan dungulmi, ta baza matsin ko'ina. Sai dai silikon na tara gumi, kuma a ƙasashe masu zafi wannan ba ƙaramar matsala ba ce, ga tsada. Dungulmi kuma yakan motse da yamma, shi ya sa har yau masu ƙafar roba ke yawo da safa a aljihu, suna ƙarawa idan kwarmin ya yi sako-sako.