Tarihin Shirin Meyerhoff na Renon Masana Kimiyyar Lafiya a Amurka

Shirin Meyerhoff tsari ne na tallafin karatu da renon ɗalibai a Jami'ar Maryland ta Gundumar Baltimore, wadda aka fi sani da UMBC, a ƙasar Amurka. An kafa shi a 1988 domin ƙara yawan baƙaƙen fata da ke samun digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci da binciken lafiya. A yau yana cikin tsare-tsaren da jami'o'in Amurka suka fi kwaikwaya wajen shigo da 'ya'yan al'ummomin da aka daɗe ana barin su a baya cikin aikin bincike.

Tun kafin kafuwarsa gwamnatin Amurka ta lura da ƙarancin baƙaƙen fata a wannan fage. A shekarun 1970 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, wato NIH, sun buɗe shirye-shirye biyu, MBRS da MARC, waɗanda suka riƙa ba da kuɗin bincike da na horar da ɗalibai, musamman a kwalejojin da aka kafa domin baƙaƙen fata. Duk da haka matsalar ba ta kau ba a jami'o'in da fararen fata suka fi rinjaye. Ɗalibai baƙaƙe masu kaifin basira kan shigo da niyyar karatun kimiyya, amma darussan shekarar farko, irin su lissafi da kimiyyar sinadarai, sai su kayar da su, su koma wani fanni. Da yawansu su kaɗai suke karatu, ba abokin tattaunawa, ba malamin da ya san sunansu.

Freeman Hrabowski, masanin lissafi, ya tarar da irin wannan hali lokacin da ya zo UMBC a matsayin ɗaya daga cikin manyan jami'an gudanarwa. An haife shi a 1950 a birnin Birmingham na jihar Alabama, kuma yana ɗan shekara 12 aka tsare shi saboda shiga zanga-zangar yara ta neman 'yancin baƙaƙen fata a 1963. Ya haɗu da Robert Meyerhoff, attajiri kuma injiniya a Baltimore, wanda shi da matarsa Jane suka ba da kimanin dala dubu 500 domin fara shirin. Rukunin farko ya shigo a 1989, samari 19 ne, dukkansu baƙaƙen fata. A 1990 aka fara ɗaukar mata. Hrabowski ya zama shugaban jami'ar a 1992, ya riƙe kujerar har zuwa 2022, kuma wannan dogon shugabanci ya ba shirin kariya da ɗorewa.

Ginshiƙin tsarin shi ne a sa wa ɗalibi buri mai tsawo, sannan a kewaye shi da duk abin da zai kai shi ga cimma burin. Ana ba da tallafin kuɗin karatu domin kada ɗalibi ya raba hankalinsa tsakanin karatu da neman abin kai wa baka. Kafin a buɗe zangon farko, sababbin ɗalibai kan shafe makonni shida na bazara a cikin jami'a, suna ɗaukar darasin lissafi da sauran darussa ƙarƙashin tsauraran dokoki: a zo aji da wuri, a zauna a sahun gaba, a taƙaita amfani da waya. A nan ake koya musu karatu a ƙungiya, inda wanda ya gane darasi yake da alhakin fahimtar da ɗan'uwansa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane rukuni yana da lambarsa, M1, M2 har zuwa yau, kuma tsofaffin ɗalibai kan gabatar da kansu da wannan lamba ko bayan shekaru da gama karatu.

Muhimmin sashe na biyu shi ne shigar da ɗalibi ɗakin gwaje-gwaje tun yana farkon karatu. Michael Summers, masanin sinadarai a jami'ar da ke nazarin siffar ƙwayar cutar HIV, ya yi fice a wannan fage. Ɗalibai masu karatun digirin farko sun yi aiki a ɗakin bincikensa, sunayensu kuma suka fito a takardun binciken da aka wallafa. A lokacin hutun bazara ana tura ɗalibai wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike domin su saba da manyan masana. Ma'aikatan shirin suna bin diddigin sakamakon kowane ɗalibi, suna ba shi shawara kan darussan da zai ɗauka, har iyaye ma ana jawo su cikin tafiyar. Malaman jami'ar su ma sun sake fasalin koyar da darussan shekarar farko, abin da ya amfani dukan ɗalibai.

Shari'a ta taɓa tilasta wa shirin canza salo. A 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke tallafin karatu na Banneker a reshen College Park na Jami'ar Maryland, saboda an keɓe shi ga baƙaƙen fata kawai. Ganin haka, a 1996 aka buɗe ƙofar Meyerhoff ga ɗalibai na kowane launin fata, muddin suna da kishin ƙara wakilcin waɗanda aka bari a baya a fagen kimiyya. A wannan shekara kuma aka fara reshen shirin na masu neman digirin digirgir, da tallafin NIH.

Abin da ya ƙara wa shirin daraja shi ne yadda aka riƙa auna sakamakonsa. Kenneth Maton, masanin halayyar ɗan'adam a jami'ar, ya kwatanta ɗaliban da suka karɓi gurbin Meyerhoff da waɗanda aka ba su amma suka zaɓi wata jami'a. Ya gano cewa waɗanda suka shiga shirin sun ninka sauran kusan sau biyar wajen ci gaba zuwa digirin digirgir a kimiyya. UMBC ta zama ta ɗaya a Amurka wajen yaye baƙaƙen fata da ke zuwa su samu digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci. Cikin tsofaffin ɗalibanta akwai Kizzmekia Corbett, wadda ta jagoranci wani ɓangare na aikin samar da allurar rigakafin korona ta Moderna a NIH, da Jerome Adams, Babban Likitan Amurka daga 2017 zuwa 2021, da Kafui Dzirasa, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, mai binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Duke.

An daɗe ana tababa ko shirin zai yi aiki a inda babu shugaba irin Hrabowski. A 2013 Jami'ar Jihar Pennsylvania da Jami'ar North Carolina ta Chapel Hill suka kafa nasu a kan wannan tsari, da tallafin Cibiyar Binciken Lafiya ta Howard Hughes. Rahoton da mujallar Science ta buga a 2019 ya nuna ɗalibansu sun yi kusan daidai da na UMBC. A shekarar ne gidauniyar Chan Zuckerberg ta ba da dala miliyan 6.9 domin kai tsarin jami'o'in Berkeley da San Diego na jihar Kalifoniya. A 2022 Cibiyar Howard Hughes ta ware dala biliyan 1.5 ga wani shirin tallafa wa matasan masu bincike, ta kuma sa masa sunan Hrabowski.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da ƙalubale. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ba da gurbin karatu a jami'o'i. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta yanke tallafin NIH ga shirye-shirye da dama na wannan fanni, ciki har da MARC, wanda ya yi kusan shekara 50 yana aiki. Wannan ya sa jami'o'i suka koma dogaro da kuɗin kansu da na gidauniyoyi, suna kuma sake rubuta sharuɗɗan shiga shirye-shiryensu domin su dace da sabuwar doka.