Tsagewa da rabuwar fallaye: yadda injiniyoyi ke hasashen lahanin da ido ba ya gani

Jiragen sama na zamani ba da ƙarfe kaɗai ake ƙera su ba. Kimanin rabin nauyin gangar jikin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, haɗin zaren kabon ne da ƙaro. A jirgin Airbus A350 da ake haɗawa a birnin Tuluz na Faransa, rabon ya kai kashi 53 cikin 100. Wannan haɗi ya fi ƙarfe sauƙin nauyi, kuma ba ya tsatsa, amma lahaninsa ɓuya yake yi.

Yadda ake haɗa shi

Zaren kabon ya fi gashin kai siranta kusan sau goma. Ana jera dubbansa, a jiƙa su da ƙaron efoksi, su zama falle ɗaya da bai kai kaurin rabin milimita ba. Sai a yi ta ɗora falle bisa falle, wani zarensa a miƙe, wani a karkace, wani a gicciye, a gasa su cikin tanda mai matsi. Tsarin ya yi kama da allon katako mai fallaye da kafintoci ke aiki da shi, wanda ke ɓarewa idan ruwa ya shige shi.

Ire-iren lahani

Lahani uku ne manya: tsagewar ƙaro a cikin falle, tsinkewar zare, da rabuwar fallaye. Sau da yawa ƙaro ne ke fara tsagewa. Idan tsagar ta kai mahaɗar fallaye biyu, sai ta bi mahaɗar ta raba su. Faɗuwar guduma ko bugun ƙanƙara na iya haddasa haka ba tare da barin tabo a waje ba. Fallayen da suka rabu kuwa, da zarar an matsa su sai su lanƙwashe.

Lissafi a kwamfuta

Injiniyoyi kan zana ɓangaren jirgi a kwamfuta, su kasa shi dubban gutsattsari, su lissafa nauyin da ke kan kowanne. Tambayoyi biyu suke neman amsa: yaushe lahani zai fara, kuma yaya zai yaɗu?

Tushen lissafin yaɗuwa aikin A. A. Griffith ne na Ingila, wanda ya nuna a 1921 cewa tsaga na ƙaruwa ne idan ƙarfin da take saki ya kai wanda ake buƙata don buɗe sabuwar tsaga. A 1977 Rybicki da Kanninen na Amurka suka fito da dabarar auna wannan ƙarfi a bakin tsaga, sai dai tana buƙatar a san inda tsagar take tun farko. A 1980 Zvi Hashin ya tsara ma'aunin da ke bambanta tsinkewar zare da tsagewar ƙaro. Wata dabarar kuma tana ɗaukar mahaɗar fallaye tamkar manne da ke raunana sannu a hankali har ya saki. Ita tana iya nuna farkon rabuwar da yaɗuwarta. A Kashan, kusa da Paris, Pierre Ladevèze da abokan aikinsa sun tsara lissafin da ke bin kowane falle da kowace mahaɗa daban.

Iyakar lissafin

Kwamfuta ba ta san komi ba sai abin da aka ba ta. Shi ya sa ake ɓare ƙananan samfura a ɗakin gwaji don auna ƙarfin mahaɗa, ana kuma binciken jirage da na'urar sauti irin ta hoton ciki a asibiti.

Sakaci da wannan na da tsada. A ranar 18 ga Yuni 2023, ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ɓaraguzan Titanic, mutum biyar suka rasu. Masu bincike na Amurka sun gano cewa fallayen kabon na gangar jikinsa sun riga sun rabu tun kafin tafiyar ƙarshe.