Daga Reza Zuwa Kuɗin Wata: Yadda Manhajojin Tace Bidiyo Suka Samo Asali

Duk wanda ya fara sanya bidiyo a YouTube ko Facebook da wayarsa, akwai ranar da zai ji manhajar da ke hannunsa ta yi masa kaɗan. Sauti ya ƙi daidaita, launin fuska yana sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan, hirar da aka ɗauka da kyamara biyu ta gagara haɗuwa. Daga nan sai ya shiga cigiyar manhajar ƙwararru, kuma amsar da zai samu ba ta wuce suna huɗu: Avid, Premiere, Final Cut da DaVinci Resolve. A ganina, sanin tarihinsu ya fi yi wa mai zaɓe amfani a kan haddace abin da kowacce ke iya yi, domin a tarihin ne ake ganin yadda kamfani ke yi da mutanen da suka ɗora sana'arsu a kansa.

Da farko yanka ake yi na zahiri. Mai tace fim yana duba zaren fim a na'urar Moviola, wadda ta fito a 1924, ya datse inda yake so, ya liƙa. Da kamfanin Ampex ya kawo faifan bidiyo mai faɗin inci biyu a 1956, sai aikin ya ƙara wuya, don ba a ganin hoto a jikin faifan. Sai an shafa masa wani ruwa mai garin ƙarfe, a duba da madubin ƙara girma, sannan a sa reza. Daga baya aka koma kwafa daga wannan kaset zuwa wancan, bi da bi. Matsalar wannan hanya ita ce, in ka ga kuskure a minti na uku bayan ka kai minti na arba'in, to ko ka sake daga can, ko ka sake kwafa hoto ya dusashe. Waɗanda suka yi aikin bidiyo a zamanin kaset, har da masu finafinan Hausa na farko a Kano, sun san wannan wahala.

Kwamfuta ce ta raba gardama. An gwada tun 1971 da CMX 600, amma kuɗinta ya kai kusan dala 250,000, kuma 'yan ƙalilan aka ƙera. Wadda ta kafu ita ce Avid, da ta fito a 1989 a kan kwamfutar Macintosh, ta ba mai tacewa damar ɗauko kowace fitowa ya ajiye inda ya ga dama ba tare da ya taɓa sauran ba. Walter Murch ya tace fim ɗin The English Patient na 1996 da ita, ya kuma ci kyautar Oscar. Har yau Avid ce ke riƙe da yawancin manyan finafinan Hollywood, musamman saboda mutane da yawa suna iya aiki a kan fim guda a lokaci ɗaya. Mai tashar YouTube da ke aiki shi kaɗai a ɗakinsa ba wannan ce buƙatarsa ba.

Wani abin mamaki shi ne, manyan abokan hamayya biyu na yau hannun mutum ɗaya suka fito. Randy Ubillos ne ya rubuta Premiere, wadda Adobe ya fitar a 1991. Ya koma kamfanin Macromedia ya fara wata sabuwa, Apple ya saye ta, ya fitar da ita a 1999 da sunan Final Cut Pro a kan dala 999. Wannan farashi ya buɗe ƙofa ga ƙananan masu shirya fim da gidajen talabijin marasa ƙarfi. Da Murch ya tace Cold Mountain da ita a 2003, sai bakin masu cewa kayan 'yan koyo ce ya mutu.

A watan Yunin 2011 Apple ya fitar da Final Cut Pro X, sabuwa fil, a kan kusan dala 300, ya kuma janye tsohuwar daga kasuwa. Sabuwar ba ta iya buɗe ayyukan da aka yi da tsohuwar. Ba ta haɗa hotunan kyamarori da yawa, ba ta kuma fitar da aiki ta sigar da wata manhaja za ta karanta. Mutumin da ya shekara goma yana tara ayyukan abokan cinikinsa ya wayi gari kamfanin ya canza masa makulli. An dawo da yawancin abubuwan daga baya, kuma manhajar ta yau tana da sauri ƙwarai, amma kafin nan jama'a sun watse. Adobe ya yi wa masu sauya sheƙa ragin rabin kuɗi, ya kwashe su.

Bayan shekara biyu shi ma Adobe ya nuna nasa halin. A 2013 ya daina fitar da sababbin sigogin manyan manhajojinsa don saye na dindindin, ya koma karɓar kuɗin wata-wata. In ka daina biya, ayyukanka suna nan a kwamfutarka, amma ba ka da abin buɗe su. A Oktoban 2019 kamfanin ya sanar da cewa zai rufe asusun duk masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, kodayake ya janye bayan ya sami izinin gwamnati. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira yana biyan haya da dala, wannan ba labarin nesa ba ne. Shi ya sa kwafin sata ya cika kwamfutoci, shi kuwa yakan zo da ƙwayar cuta, ya kuma tsaya cak ana gobe za a miƙa aiki.

DaVinci ta bi wata hanya dabam. Asalinta na'urar gyaran launi ce da sai manyan kamfanonin fim ke iya saye, kuɗinta dubban ɗaruruwan daloli. Kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya ya saye ta a 2009, ya fitar da sigar kyauta a 2011, sannan a hankali ya ƙara mata tacewa da gyaran sauti. Ba sadaka yake yi ba: kyamarori da na'urori yake sayarwa, manhajar kuma ita ce ke jawo masa masu saye. Duk da haka, ga mai tashi daga waya zuwa kwamfuta, ita nake ganin ta fi dacewa a fara da ita, in dai kwamfutar tana da ƙarfin ɗaukarta, don a ƙaramar kwamfuta jan ƙafa take yi.

CapCut, wadda yawancin matasa suka fara da ita, mallakar ByteDance ce, mai TikTok. Abubuwa da dama da ta fara bayarwa kyauta yanzu sai da kuɗi, kuma a Janairun 2025 ta ɗauke na ɗan lokaci a Amurka tare da TikTok saboda wata doka da ba ta shafi tace bidiyo ba ko kaɗan.

Saboda haka kafin mutum ya zauna koyon ɗaya daga cikinsu, ya bincika ko tana buɗe aiki ba tare da intanet ba, da abin da zai faru ranar da ya kasa biya, da ko tana fitar da aikin ta sigar XML da wata manhajar za ta iya karantawa. Premiere da Resolve suna musayar aiki ta wannan siga, kodayake rubutun kan allo da gyaran launi sukan zube a hanya. Asalin hotunan da aka ɗauko kuwa, a ajiye su a faifai biyu daban, don su yawancin manhajoji suna karɓarsu.