FASHIN BAƘI: Sabon irin wake, naman ɗakin bincike da kuɗin wayar da kan jama'a: Abin da ya kamata mutanen Wurno, Rabah da Goronyo su sani

A ƙasashen Turai, Amurka da Asiya, gwamnatoci na zuba kuɗi wajen samar da furotin, wato sinadarin gina jiki, ta hanyoyin da ba kiwon dabbobi ba, suna kuma muhawara a kan ko ya dace a yi amfani da dukiyar al'umma wajen tallata shi. A Najeriya maganar ta shigo ta wata ƙofa daban, ta ƙofar wake, abincin da ake yi wa kirari da naman talaka. Tun daga 2019 ƙasar ta amince da noman waken da aka sauya wa ƙwayar halitta, amma har yau manomi da mai saye a kasuwar ƙauye sun fi jin labarinsa a bakin jita-jita fiye da bakin hukuma. Ga bayanin abin da ake nufi, da waɗanda ke ɗaukar nauyin wayar da kai, da kuma dalilin da ya sa batun ya shafi gabashin Sakkwato.

Mene ne furotin na zamani?

Masana sun kasa shi gida uku. Kashi na farko shi ne wanda ake sarrafawa daga tsirrai don ya maye gurbin nama ko madara. Wannan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin awarar da ake yi da waken suya misalinsa ce, kuma ta samu karɓuwa a unguwanni da ƙofofin makarantu saboda arha da daɗi.

Kashi na biyu shi ne wanda ake samu ta hanyar ruɓar da abinci da ƙananan halittu, kamar yadda ake yin daddawa ko nono, sai dai a nan ana horar da ƙwayar ce a masana'anta don ta samar da wani sinadari takamaimai. Da wannan dabara ake yin insulin na masu ciwon sukari tun 1982, kuma a 1990 Amurka ta amince da sinadarin daskarar da madara don yin cuku da aka samar ta wannan hanya.

Kashi na uku shi ne naman da ake rainon ƙwayoyinsa a cikin tankuna ba tare da an yanka dabba ba. An fara nuna shi a bainar jama'a a Landan a 2013, lokacin da masanin nan ɗan ƙasar Holan, Mark Post, ya gabatar da curin naman sa da aka raina a ɗakin bincike.

Akwai kuma amfanin gona mai yawan furotin da aka gyara wa ƙwayar halitta don ya jure ƙwari. A cikin duka waɗannan, shi ne ya riga ya iso gonakin Arewa.

Yadda gwamnatocin duniya suka rabu

Singafo ce ƙasa ta farko da ta ba da izinin sayar da naman kazar da aka raina, a Disambar 2020. Amurka ta bi sahu a Yunin 2023 da kamfanoni biyu, Upside Foods da Good Meat. A 2022 gwamnatin Holan ta ware Yuro miliyan 60 don bincike da horar da ma'aikata a wannan fanni, yayin da Denmak ta fitar da tsarin ƙasa na bunƙasa abincin tsirrai a 2023. A ɗaya ɓangaren, Italiya ta haramta yi da sayar da irin wannan nama a Nuwamban 2023, jihohin Florida da Alabama na Amurka su ma suka haramta a 2024, duk da izinin gwamnatin tarayyarsu.

Ta fuskar addini, majalisar harkokin Musulunci ta Singafo ta fitar da fatawa a 2024 cewa naman zai iya zama halal idan an ɗebo ƙwayoyin daga dabbar da ta halatta a ci, kuma duk abin da aka raine su da shi halal ne, ba ya kuma cutarwa. A yanzu dai naman yana da tsada ƙwarai, ba a kuma sayar da shi a kasuwannin Najeriya.

Waken SAMPEA 20-T

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake da cin sa, Nijar na biye da ita. Babban abokin gabar wake a gona shi ne tsutsar Maruka, wadda ke cin fure ta kuma huda kwanso, kuma a shekarar da ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Don haka manomin da ke da hali yakan yi feshi sau shida zuwa takwas kafin girbi.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, IAR, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fara gwajin sabon irin a killataccen fili a 2009, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku. An sanya wa waken wata ƙwayar halitta da aka ɗauko daga ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda ke sa tsiron ya samar da sinadarin da ke kashe tsutsar idan ta ci. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ta saye daga baya, shi ya ba da ƙwayar ba tare da sharaɗin biyan kuɗin mallaka ba. Hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya ta yi aikin dasa ta, gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi ta haɗa kan masu aikin, hukumar agaji ta Amurka, USAID, kuma ta ba da kuɗi.

Hukumar Kula da Amincin Halittu ta Ƙasa, NBMA, wadda aka kafa da dokar 2015, ta amince da irin a Janairun 2019. A Disamban shekarar aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, sannan aka ƙaddamar da sayar da shi ga manoma a Kano a Yunin 2021. Da haka Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta saki irin wannan wake. Masu binciken sun ce feshi biyu ya wadatar a maimakon shida ko takwas.

Abin da irin ba ya yi

A nan ne ƙarancin bayani ke jawo wa manomi asara. A ɓangaren ƙwari, kariyar da ke cikin irin ta tsutsar Maruka ce kaɗai. Darɓa da sauran ƙwarin da ke tsotsar fure da kwanso suna nan yadda suke, shi ya sa ba a ce a daina feshi gaba ɗaya ba. Wanda aka gaya wa cewa waken ba ya buƙatar magani, ya kuma gaskata, zai iya rasa gonarsa.

Haka kuma ba ya hana ƙwarin ajiya huda wake a buhu ko a rumbu. Wannan kuwa ita ce matsalar da ke sa wasu 'yan kasuwa barbaɗa guba a kan wake, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 bayan an samu ragowar maganin ƙwari fiye da ƙima. Maganin wannan shi ne buhu mai leda biyu a ciki wanda ke hana iska shiga, irin na PICS, ko ganga mai murfi.

Game da ajiye iri, wake tsiro ne da ke haɗa kansa da kansa, saboda haka wanda aka girbe yana tsira idan an sake shukawa. Sai dai irin da ya cakuɗu da wani a masussuka ko a kasuwa ba zai ba da cikakkiyar kariya ba. Masana na kuma gargaɗin cewa tsutsar na iya sabawa da sinadarin bayan shekaru idan ba a bi ƙa'idar shuka ba.

Wa ke biyan kuɗin wayar da kai?

A hukumance, aikin ya rataya a wuyan hukumomin tarayya da ake ba kuɗi daga kasafin shekara. Hukumar Bunƙasa Fasahar Halittu, wadda aka kafa a 2001 da sunan NABDA, yanzu kuma ake kira NBRDA, aikinta yaɗa fasahar ne. NBMA kuwa alƙali ce, ita ke tantancewa ta ba da izini ko ta hana, dokarta kuma ta tanadi sanar da jama'a da karɓar ra'ayinsu kafin yanke hukunci. Sai cibiyar NAERLS ta Zariya mai shirya bayanai ga malaman gona, da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, NOA, mai ofis a ƙananan hukumomi.

A aikace, dandalin da ya fi fitowa fili shi ne OFAB, wanda aka buɗe reshensa na Najeriya a 2009 a ƙarƙashin NABDA tare da AATF, kuma Gidauniyar Gates na cikin manyan masu ɗaukar nauyinsa. Shi ke shirya tarurruka, horar da 'yan jarida da ba su lambobin yabo a kan rahotannin fasahar halittu. Wato dai wani babban ɓangare na saƙon da ke isa kunnen jama'a yana tafiya ne da kuɗin waje, ta hannun masu son a karɓi fasahar. Rushe USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya nuna yadda irin wannan tallafi kan iya yankewa dare ɗaya.

Masu adawa ma suna da nasu dandalin. Ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey da ƙawayenta sun daɗe suna neman a dakatar da irin waɗannan tsaba, bisa hujjar cewa ba a yi isasshen bincike mai zaman kansa ba, cewa manomi zai koma dogaro da kamfanoni, kuma dokar sanya alama a jikin kaya ba ta da tasiri a ƙasar da ake awon wake da tiya da mudu. Bayan an saki masarar TELA a Janairun 2024, Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin bincikar lamarin a Mayun shekarar. Hukumomi da masanan IAR sun ci gaba da cewa gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna wata illa ga mutum ko dabba ba.

Muhawarar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce bambanci tsakanin ilimantarwa da talla. Masu goyon baya na cewa tunda cibiyar gwamnati ce ta samar da irin, haƙƙin gwamnati ne ta yaɗa shi. Masu suka na cewa kuɗin al'umma ya kamata ya kawo wa ɗan ƙasa amfani da illa a tare, ya bar shi ya zaɓa, kuma hukumar da ke alƙalanci ba ta dace ta riƙa zama a teburi ɗaya da masu tallatawa ba.

Me ya haɗa shi da gabashin Sakkwato?

Wurno, Rabah da Goronyo yanki ne na noma da kiwo. Madatsar ruwan Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka gina a shekarun 1980, ita ce jigon noman rani na shinkafa, albasa da tafarnuwa a kwarin, a tudu kuwa gero da dawa ake haɗawa da wake. Wake na ba da ƙosai, alale da ɗanwake, harawa da kowa kuma su ke riƙe dabbobi a bazara.

Rashin tsaro ya girgiza wannan tsari. Harin da aka kai Tabanni ta gundumar Gandi a Rabah a Yulin 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 inda aka kashe fiye da mutum 40, kaɗan ne daga abin da yankin ya gani. Gidan da aka kore wa shanu da awaki ya rasa nono da nama, ya koma kan wake da waken suya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Sakkwato 'yan ƙasa da shekara biyar suna fama da tsumburewa. Saboda haka duk abin da zai ƙara yawan wake ko ya rage kuɗin feshi, da duk abin da zai iya cutar da mai ci, magana ce ta rayuwar yara.

Sai dai tarurrukan wayar da kai sun fi yawa a Abuja da manyan birane, galibi da Ingilishi, yayin da malamin gona ɗaya ke kula da dubban manoma, wasu ƙauyukan ma ba ya iya shiga. Gurbin da aka bari saƙonnin murya na WhatsApp ne ke cike shi, har da iƙirarin cewa irin na hana haihuwa, wanda babu binciken da ya tabbatar.

Arewa ta taɓa ganin inda irin wannan ke kaiwa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Amincewa ba ta dawo ba sai da aka shigo da malamai da sarakuna, musamman bayan 2009 da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya.

Inda za a bi sawun kuɗin

Kasafin kuɗin tarayya na kowace shekara yana shafin intanet na Ofishin Kasafi, kuma a cikinsa ana iya ganin abin da aka ware wa NBRDA, NBMA, IAR da NAERLS, har da layukan da aka rubuta da sunan wayar da kai ko horarwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai. A matakin jiha, kasafin Ma'aikatar Gona da na shirin bunƙasa noma na Sakkwato su ne wurin dubawa.

Tambayoyin da suka dace a yi a bayyane suke. Nawa aka ware, nawa aka saki? Taro nawa aka yi da Hausa ko Fulatanci, a waɗanne garuruwa? An kafa gonar gwaji a Wurno, Rabah ko Goronyo inda manomi zai ga sabon iri kusa da nasa na gado? Shirye-shiryen da ake sawa a Rediyon Rima da sauran tashoshi, wa ya biya, kuma an ba masu ja da baya dama? Dillalan da ke sayar da irin suna da rajista da hukumar kula da iri ta ƙasa? Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Wurno da Rabah, da takwaransa na Goronyo da Gada, suna da ƙuri'a a kan kasafin waɗannan hukumomi, kuma ofisoshinsu na mazaɓa na cikin wuraren da za a fara kai waɗannan tambayoyi.